Takardar Koke Kan Tsiron Al'aurar Maza da Masu Tallar Magani a Kasuwa

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya. Mu talakawanka, magidanta da matasan wannan gari, muna neman afuwa, domin magana ce mai nauyi a baki, amma abin da ya faru ranar kasuwar da ta wuce ya hana mu yin shiru.

Wani matashinmu, ango na wata huɗu, ya ga tsiro a gabansa, kunya ta hana shi zuwa asibiti, sai ya tafi wurin mai tallar magani da lasifika a bayan mota. Aka ce masa sanyi ne, aka ba shi wani ruwa a kwalba ya ɗiga. Kafin asuba fata ta ƙone, bakin hanyar fitsari ya kumbure, muka ɗauke shi a Keke Napep yana kuka kamar yaro. Yanzu da robar fitsari yake kwance. Mai maganin kuwa ya naɗe tabarmarsa, kuma mun tabbata zai dawo.

Likita ya ce ƙwayar cutar HPV ce da ake ɗauka ta hanyar saduwa, wadda nau'inta na 6 da na 11 ke kawo irin wannan tsiro, na 16 da na 18 kuma ke iya jawo ciwon daji a mazakuta, dubura ko maƙogwaro. Namiji yakan ɗauke ta ba alama, ya sa wa iyalinsa. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 riga-kafinta a Najeriya, mun kuma gode, amma ba wanda ya taɓa tara maza ya yi musu bayani, sai ka ce cutar ba ta san mu ba.

Mun kai kuka wurin mai unguwa da dagaci, an yi zama, an yi alkawari, har mun manta sau nawa.

Ranka ya daɗe, muna roƙo a hana masu lasifikar nan cin kasuwarmu. A samo mana ma'aikacin lafiya namiji da ɗakin da za a duba mutum cikin sirri, a umarci limamai su taɓo batun a huɗuba, a kuma isar wa gwamnati cewa 'ya'yanmu maza ma suna buƙatar riga-kafin. Amma dai masu lasifikar nan, don Allah a dakatar da su kafin kasuwa mai zuwa.

Allah ya taimaki Hakimi.

Talakawanka masu biyayya,
Magidanta da matasan gari