A Sassauta Dokar Kunna Kyamara A Azuzuwan Koyon Harshe Ta Intanet

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan taƙaddamar da ke tsakanin malamai da ɗalibai masu koyon harsunan ƙetare ta intanet a nan Kano, wato batun kunna kyamara a lokacin darasi. Tun shekarar 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, karatu ta Zoom da Google Meet ya samu gindin zama, har ta kai yau za ka tarar da ɗan kasuwar Kantin Kwari yana koyon Sinanci saboda harkar kayansa, matar aure kuma tana ɗaukar Larabci daga malamin da ke Alƙahira.

Malaman da suka nace sai an kunna kyamara suna da hujja, kuma a matsayina na mai koyar da Faransanci ba zan musa ta ba. Akwai wasalin Faransanci da ba ya fita sai an turo leɓɓa gaba alhali harshe yana wurin da ake furta "i", kuma idan malami bai ga bakin ɗalibi ba, zai ji kuskuren amma ba zai gane inda ya samo asali ba. Malaman tajwidi sun riga mu sanin wannan, domin ishmamin da ake yi a "la ta'manna" cikin Suratu Yusuf nuni ne da leɓɓa wanda ido ke gani, kunne ba ya ji. Amfanin kunna kyamara ya fi fitowa idan aka raba aji zuwa ƙananan rukunoni domin hira. In kyamarori a kashe suke, ba abin da ake gani sai baƙaƙen akwatuna masu ɗauke da sunaye. Mutum biyu su fara magana tare, su kuma yi shiru tare, na ukun kuwa ana ta kiran sunansa ashe ya tashi ɗauko caja. Mai jin nauyin yin kuskure yakan ɓuya a irin wannan duhu har wata ya ƙare bai haɗa jimla ɗaya ba.

Sai dai mayar da kyamara wajibi tun daga sallama har addu'ar tashi rashin la'akari ne da halin da muke ciki. Bidiyo ya fi murya cin data nesa ba kusa ba, ga shi a watan Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Idan sabis ya yi rauni, bidiyon ne ke sa murya ta riƙa yankewa, alhali muryar ita ce darasin. Ga kuma sirrin gida, wanda a ganina ya fi kuɗin nauyi: wani a ɗaki ɗaya yake da iyalinsa, wata kuma ba za ta so baƙin maza su riƙa kallon fuskarta ba, balle a ɗauki hotonta ba da saninta ba, duk da cewa hoton mutum yana cikin abin da dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta ba kariya.

Shawarata ita ce kyamarar malami ta zauna a kunne koyaushe, ta ɗalibai kuma a nemi a kunna ta lokacin gyaran furuci da hirar rukuni kawai, a kashe idan an shiga nahawu. A nuna musu yadda ake dusashe bayan hoto, a bar matan da suka so su yi rukuninsu su kaɗai, kuma kada a naɗi darasi sai da izinin kowa. Wanda uzuri ya hana shi kunnawa, ya tura wa malami gajeren bidiyon furucinsa ta WhatsApp, kuma kada cibiyoyi su rage masa maki saboda haka.

Wassalam,
Malamin Faransanci,
Gwale, Kano.