A dubi halin da ma'aikatan otal ke ciki a Katsina da Daura

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan masu aiki a otal-otal da gidajen saukar baƙi na Katsina da Daura. Ni ma cikinsu nake, a teburin karɓar baƙi nake aiki, don haka abin da zan faɗa ba ji-ta-ji-ta ba ce.

Duk sa'ad da gari ya cika, ko da hawan Sallah, ko Sallar Gani a Daura, ko taron siyasa, ɗakuna kan ƙare, kuɗin ɗaki ya tashi. Kowa ya ga cikar da garuruwan nan biyu suka yi a watan Yulin 2025, lokacin jana'izar marigayi Shugaba Muhammadu Buhari. A irin waɗannan ranaku ma'aikaci kan kama aiki da asuba, bai ga gida ba sai wata asubar, kuma ko kwabo ba ya ƙaruwa a albashinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai wanki. Cikin hunturu, tun duhu bai washe ba, yana tsugune a bayan gini gaban baho, hannunsa cikin ruwan sanyi da bilic, yana cuɗar zannuwan gado. Duk yatsunsa sun tsattsage, ba safar hannu, ba takalmin roba. In ya gama ya koma guga, in babu wuta ya hura gawayi. Ranar da tawul ɗaya ya ɓace, sau da yawa ma baƙo ne ya tafi da shi a jakarsa, sai a ce a cire kuɗin daga albashinsa ko na mai gyaran ɗaki. Haka ake wa yaran kicin in faranti ya fashe, haka ake mana mu ma in baƙo ya sulale bai biya ba.

Malam Edita, wannan cire-ciren ya saɓa wa doka. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya bai yarda mai gida ya yanke albashi saboda asara ba, sai in ganganci ko sakacin ma'aikacin ne ya jawo ta, kuma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce tukuna. Sashe na 7 ya ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce. Dokar ta ba shi hutun kwana ɗaya a mako, da hutun shekara na akalla kwana shida na aiki da cikakken albashi in ya cika wata goma sha biyu. A cikin abokan aikina da na sani, 'yan kaɗan ne ke da wannan takarda. Da baki aka ɗauke mu, da baki ake korar mu. Manaja ya ce “kar ka zo gobe”, shi ke nan magana ta ƙare, don ba ka da abin nunawa a gaban kowa.

Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma dokar mafi ƙarancin albashin ta tsame wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma yawancin masaukanmu ƙanana ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin acaba kaɗai na cinye wani babban kaso na abin da muke samu. Na san masu otal na fama da tsadar dizal da ɗauke wutar kamfanin lantarki na KEDCO, da idona nake ganin jarkokin da janareta ke sha a dare guda. Sai dai rubuta wa ma'aikaci takarda da ba shi ranar hutu ba su da alaƙa da farashin dizal.

Ga kuma kallon da jama'a ke mana, musamman mata. Bazawara mai 'ya'ya ta samu aikin shara da gyaran gado tana neman halak ɗinta, sai a unguwa a riƙa nuna ta da baki ana cewa ai a otal take aiki. Wasu har ɓoye wa dangi suke. In baƙo ya yi mata maganar banza ko ya kai mata hannu, ba ta iya kai ƙara, don ta san za a ce ita ta jawo, kuma aikin ne zai tafi. Wannan zalunci ne, ya kamata malamanmu su taɓo shi a huɗuba.

Kirana ga ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Katsina shi ne jami'ansa su riƙa shiga otal-otal ba tare da sanarwa ba, su nemi ganin takardun ɗaukar aiki da littafin biyan albashi. Reshen ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa (NLC) na jiha shi ma ya neme mu, domin da yawanmu ba su ma san akwai ƙungiyar ma'aikatan otal ba. In kuma sun zo, don Allah su gana da mai wanki da masu shara su kaɗai, ba a gaban manaja ba.

Na gode.

Wani ma'aikacin otal,
Ƙofar Ƙaura, Katsina