Daren Alhamis na bi masu goge har ƙarshe

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Hajiya? Na san shirun ya yi yawa. Dama kan maganar filin nan zan tambaye ka, amma tsaya in fesa maka labari tukuna, cikina ba zai riƙe ba.

Daren Alhamis na bi masu gogen nan da jitata a kan taken "Soldier's Joy" tun daga farko har ƙarshe, hannuna bai sarƙe ba! Wata bakwai ina fama da shi. Take ne na rawa mai gaɓa biyu, kowace a maimaita ta sau biyu, a koma farko, a yi ta zagayawa. A tsaunukan Apalachiya na nan Amurka da kunne ake ɗaukarsa. Mun zauna a da'ira, goge uku, banjo (mai kama da gurmi) biyu, kowa na kiɗa lokaci guda, har dattijon da ya ja taken ya ɗaga ƙafa ɗaya, alamar zagayen ƙarshe ke nan. Da muka dire, sai ya dube ni ya gyaɗa kai. Wallahi daren nan ban yi barci ba.

Ka san mai goge izga yake ja, sautin ya miƙe yadda ya so. Ita jita kana taɓa tsirkiya sautin ya mutu, dole kowane ɗigo ka buge shi da ɗan farcen roba, ƙasa, sama, ƙasa, sama. Ka kuskure sau ɗaya, an wuce ka. Yatsun hagu har sun yi kanta. Yawanci ma mai jita rakiya kawai yake yi, shi ya sa nake ganin girman Doc Watson, makahon nan na Deep Gap a nan Karolina ta Arewa, wanda ya rasu a 2012. Ƙungiyar da yake yi wa kiɗan rawa a shekarun 1950 ba ta da mai goge, sai ya ɗauke taken gogen ya ɗora kan jita.

Kai kuma, na ji an ce tun da aka ɗaura ka daina zuwa majalisa. Ango, har yanzu amarci ne? Wai da gaske mai shayin bakin kwana ya tsaya takarar kansila?

A watan Agusta akwai taron masu goge a Galax ta jihar Bajiniya, tun 1935 ake yinsa. In Allah ya yarda zan je, kuma ina son in riƙe take uku kafin nan. Don Allah ka ɗauko min kiɗan mai gogen da ya yi bikinka a waya, dattijon nan ya matsa sai ya ji namu.

Ka gaida amarya da su Baba.

Naka har kullum.