A Ba 'Ya'ya Mata Fili Su Faɗi Tarihin Iyayensu Mata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke barin tarihin iyayenmu mata yana bin su kabari. Duk mai duba sanarwar rasuwa ya san yadda ake rubuta ta dattijuwa: matar wane ce, mahaifiyar wane ce, ta bar 'ya'ya kaza da jikoki kaza. Ba a cika faɗin abin da ita kanta ta yi da shekaru 70 ko 80 da Allah ya ba ta ba, alhali 'yarta, wadda ta tashi tare da ita a madafa, ta san shi ciki da bai.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin ilimantar da mata da ake kira 'Yan Taru, ta riƙa naɗa jajoji, wato shugabannin matan, tana ɗora musu malfa, su kuma suna jagorantar matan ƙauyuka zuwa wurinta, su koma gida da waƙoƙin tauhidi da na tsarki da sallah. Da ɗaya daga cikinsu, Hauwa'u, ta rasu, Nana ta yi mata marsiyya, kuma albarkacin wannan waƙa ce sunan baiwar Allah ya iso gare mu. Sauran jajojin da ba a rubuta su ba fa?

Haka zancen yake game da Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, ta rasu a 2001. Kowa ya san ta shiga jam'iyyar siyasa ta NEPU tana matashiya, ta sha ɗauri da duka a kan 'yancin matan Arewa, waɗanda sai a 1979 suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa. Amma ba ita kaɗai aka riƙa kamawa ba. Akwai ɗimbin mata a Kano da Zariya da suka buɗe mata ɗakunansu cikin gidajen kulle, wasu har aka tsare su tare da ita, kuma 'ya'yansu, waɗanda yanzu su ma sun tsufa, su ne suka rage da labarin.

Ba sai mace ta yi suna ba kafin rayuwarta ta cancanci rubutu. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa shiga aji ba, amma da ribar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da zubin adashin da take ƙullewa a bakin zane, ta yi mana kayan ɗaki, ta kuma biya wa ƙannena kuɗin jarrabawa. Ita ce ungozomar unguwarmu. Ko da tsakar dare aka buga ƙofa, sai ta ɗauki aci-balbal da mayafi ta fita ba tare da ta tambayi gidan waye ba. Da yawan wannan ban ji shi daga bakinta ba, domin ni ce 'yar fari, alkunya ba ta barinta ta ko kira sunana, balle ta zauna ta ba ni labarin wahalarta. Sai a zaman makoki na tsinci sauran a bakin ƙawayenta. Kunya ado ce, ban musa ba, sai dai tana sa mu asarar ilimi mai yawa.

Saboda haka ina roƙon jaridarku ta ware shafi guda a kowane mako, inda mace za ta ba da tarihin mahaifiyarta: garinsu, sana'arta, malaman da ta yi karatu a wurinsu, da yadda ta riƙe gida a shekarun fari irin na 1973. Wadda ba ta iya rubutu ba, a ba ta lambar da za ta aiko da saƙon murya ta WhatsApp, wakilanku su mayar da shi rubutu, a kuma karɓa ko daga Maraɗi, ko Kumasi, ko Garwa ya fito.

Wassalam.

Taku,
Mai karatu daga Tudun Wadan Zariya