Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa Maso Yamma: A Sa Kuɗin Filta Cikin Kwangilar Oba-oba

Mai Girma Malam Dikko Umaru Raɗɗa,
Gwamnan Jihar Katsina kuma Shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa maso Yamma.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe.

Sana'ata haɗawa da gyaran rediyon sadarwa ce, wato oba-oba da na'urorin da ke ɗaukar maganarta su kai nesa. Na rubuto ne a kan filta, wato matatar sigina, wani kayan aiki da ba a jera shi a filin biki ranar raba motoci da babura, amma rashinsa kan sa jami'i ya yi ta neman ɗauki daga daji babu mai jin sa.

Tun da ka ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Katsina a Oktoban 2023, Zamfara ta biyo baya da Askarawa a Janairun 2024, Sakkwato ma ta kafa tata, masu magana ta iska sun ƙaru a yankinmu. Ga 'yan sanda, ga sibil difens, ga 'yan kwana-kwana da motocin asibiti. Ba mu manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. A waɗancan kwanakin duk ma'aikacin da ba shi da rediyo sai dai ya yi aike da ƙafa ko babur.

Oba-obar hannu ƙarfinta bai wuce wat 5 ba, kuma a cikin gari ko kurmi kilomita kaɗan take ci. Shi ya sa ake kafa rifita a kan tsauni ko dogon ƙarfe. Tana sauraro a kan wata mita, wato lambar da ake kamo rediyo a kanta, tana maimaita maganar a kan wata mitar nan take, da ƙarfin wat 25 zuwa 50. Wurare masu tudu ba su da yawa, kafa ƙarfe kuma da tsada, don haka kowace hukuma takan kawo rifitarta ta rataya a ƙarfe ɗaya. Wannan tattali ne mai kyau. Sai dai daga nan rigimar ke tashi.

Aikin rifita tamkar na mutumin da ke shela da lasifika a tsakiyar kasuwa ne, a lokaci guda kuma ana so ya ji raɗar da wani ke yi daga bakin tasha. Kunnenta na iya kama siginar da ba ta wuce rubu'in maikrobolt ba (maikrobolt kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt), bakinta kuma na fitar da wat 50. Tazarar ƙarfi tsakanin biyun ta haura desibel 160, kuma kowane desibel 10 ninki goma ne. In ko ɗan kaɗan daga abin da bakin ke fitarwa ya zurara cikin kunnen, shi ke nan, ta kurmance. Abin da ke tsare wannan shi ne dufuleksa, jerin gwangwanayen ƙarfe da ake saita kowanne a kan mita ɗaya tak. A zangon megahaz 150 tsayin kowane gwangwani ya kai kimanin rabin mita, kuma mai kyau kan raba baki da kunne da desibel 80 zuwa 90. Akwai ƙanana masu arha da za ka ɗauka da hannu ɗaya. Waɗannan an yi su ne don rifitar da ke zaune ita kaɗai. Suna toshe mitar mai gidansu kawai, duk abin da ya zo daga maƙwabta su bar shi ya wuce. Su ne kuma 'yan kwangila suka fi so, don riba ta fi kauri.

Wannan mai sauƙi ce. Mai wuyar ita ce wadda ba a ganin mai laifi. Duk inda sigina biyu masu ƙarfi suka haɗu a cikin abin da ba ya wuce da lantarki daidai wa daida, sukan haifi sigina ta uku da babu wanda ya aiko ta. Lissafin bai da wahala: a ninka mita ɗaya sau biyu, a cire ɗayar. A ce rifitar wata hukuma na aikawa a kan megahaz 152.200, ta wata a kan 152.800. Da zarar sun yi magana tare, sai sabuwar sigina ta ɓulla a kan 151.600, wata a kan 153.400. In aka yi rashin sa'a nan ne hukuma ta uku ke sauraro, to duk sanda waɗancan biyun suka danna tare, ita ta fita daga layi. A duba kuma lokacin da hakan ya fi faruwa: ba da tsakar rana ana zaman lafiya ba, sai an kai hari, kowa ya ɗauki rediyonsa yana kira. Rifita biyu lissafinsu gajere ne. In suka kai shida ko takwas a ƙarfe ɗaya, haɗe-haɗen da za a duba sun kai ɗaruruwa, sai da kwamfuta.

Haɗuwar nan kan faru a cikin na'urar aikawa, idan siginar maƙwabciya ta biyo eriya ta sauko ciki. Takan faru a cikin na'urar karɓa da aka cika wa kunne. Takan kuma faru a jikin ƙarfen kansa, a kan noti mai tsatsa ko wayar ɗaure ƙarfe da ta saki. Gidajen rediyon FM, da ke zango tsakanin megahaz 87.5 da 108 da ƙarfin dubban wat, su ma suna da hannu in suna kusa. Misali, in tazarar tashoshi biyu megahaz 5 ce, rifita ma tazarar bakinta da kunnenta megahaz 5 ce, za ta iya riƙa jin muryar kanta, ta maƙale tana ƙugi ba ta saki.

An taɓa kira na wani wuri, ba zan kama suna ba. Ƙorafin shi ne oba-obar ba ta kai rabin inda take kaiwa da, kuma har an fara maganar sayo sabuwar rifita mai ƙarfin wat 100. Ɗan ɗaki ne na kwano a gindin ƙarfe, zafi kamar ya narkar da mutum, rifitoci na hukumomi daban-daban a jere, kowace da kebul ɗinta ta taga. A sama kuwa eriyoyin duk a tsayi ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Muka sa wani jami'i ya je can nesa ya riƙa ƙirga ɗaya, biyu, uku. Muryarsa na fita tar. Sai aka danna rifitar maƙwabta, muryar ta nutse cikin shuu. Aka saki, ta dawo. Babu abin da ya sami rifitar. Da an kawo mai wat 100 ɗin, da sai ta kurmantar da sauran, su ma su je su nemo mai ƙarfi.

Akwai dabaru biyu da ake rufe wa jami'an gwamnati ido da su. Na farko, a sa wa rediyo wani sauti na ƙarƙashin murya, ta yadda ba za ta buɗe ba sai ta ji shi. Hayaniyar ta daina fitowa a lasifika, oga ya ce an gyara, alhali kutsen na nan yana danne siginar mai rauni. Na biyu, a ce a koma dijital a huta. Tsarin rediyon dijital da ake kira DMR yana da amfani na gaske, domin yana ɗaukar magana biyu a tasha ɗaya mai faɗin kilohaz 12.5, wato rifita ɗaya ta yi aikin biyu, na'urorin aikawa su ragu a kan ƙarfe. Amma ba ya maganin kutse. Tsohuwar rediyo in an dame ta takan yi shuu, ka san da matsala. Ta dijital sai dai maganar ta yanke ɗif, jami'i ya zaci batir ne ko nisa.

Wurin da aka haɗa da kyau ba sihiri ba ne. Kowace na'urar aikawa ana sa mata aisoleta, wadda ke barin sigina ta fita ta hana ta waje shigowa, a bi ta da gwangwanin tacewa, domin ita kanta aisoletar tana haifar da ɗan datti. Sai a tara su duka a kombaina, na'urar da ke haɗa su, su hau eriya ɗaya. Na'urorin karɓa su ma su raba eriya ɗaya can ƙololuwa, filta a gaba, amfilifaya mai ƙara ƙarfin sigina a baya, kada a juya, don amfilifayar da ba filta gabanta dattin take ƙara wa ƙarfi. A jera eriyoyin biyu ɗaya bisa ɗaya, saboda tazarar sama da ƙasa ta fi ta gefe da gefe raba su nesa ba kusa ba. Kebul ya zama mai bangon tagulla, mahaɗai masu ruwan azurfa. Gwangwanayen kuma a nemi masu sandar inba a ciki, wani gaurayen ƙarfe da nikel da zafi bai cika miƙar da shi ba. Wanda ya san bambancin ranar Afrilu a Sakkwato da asubar hunturu ya san dalili. Ko inbatar sola mara kyau kan cika ɗakin da hayaniyar lantarki, sai a gwada ta kafin a karɓa.

Kombaina kala biyu ce, kuma a nan ne aikin ofis ke shigowa. Mai gwangwani ba ta cin ƙarfi sosai, amma sai mitocin sun ba juna tazara. Ɗayar tana karɓar mitoci ko da sun matsu, amma rifita biyu su yi asarar aƙalla rabin ƙarfinsu, huɗu su yi asarar kashi uku cikin huɗu. Ke nan mita ake fara zaɓa kafin a sayi kaya. Mu kuwa mun saba sayen kaya tukuna, sannan mai haɗawa ya zauna da kwamfuta ya cusa duk mitar da ya ji shiru a ranar.

Kada a ce ƙaramin abu ne. A Amurka, turakun kamfanin waya na Nextel sun riƙa kurmantar da rediyon 'yan sanda da 'yan kwana-kwana a zangon megahaz 800, saboda an cakuɗa tashoshinsu wuri guda. Hukumar sadarwar ƙasar ta ba da umarnin sake rabon zangon a 2004, aikin ya ci biliyoyin daloli, ba a rufe shi ba sai 2021. Mu da muke farkon gini, gyaranmu takarda ce da 'yan gwangwanaye.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka kai maganar nan teburin takwarorinka shida. Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa Majalisar Kula da Mitoci ta Ƙasa, wadda Ministan Sadarwa ke shugabanta, hukumar sadarwa ta NCC da ta kula da gidajen rediyo da talabijin ta NBC na cikinta. Maimakon kowace jiha ta je ita kaɗai, ku nemi rukunin mitoci tare, a lissafa su kada su haifi kutse a kan juna, a ware tasha ɗaya da jami'in Katsina zai kira na Zamfara in an bi sawun ɓarayi an tsallaka iyaka. Wuraren da ke kusa da Nijar, irin su Jibiya da Illela, sai an duba abin da ake amfani da shi a can gefen.

Kowane ƙarfe a ba shi mai kula guda ɗaya, da rajistar duk abin da ke rataye a jikinsa, kada kowa ya hau da sabuwar eriya sai da sa hannunsa. A sayi na'urar auna sigina ko da ɗaya ce a kowace jiha, a horar da matasan kwalejojin kimiyya da fasaha su riƙa zagayawa suna sake saita gwangwanayen kafin damina da bayanta.

A takardar kwangila kuma a rubuta dufuleksa da aisoleta da kombaina da irin kebul, kowanne da adadin desibel ɗin da ake buƙata. Kada a biya kuɗin ƙarshe sai an yi gwaji a gaban injiniyan gwamnati: a auna mafi raunin siginar da rifita ke ji sauran na kashe, a kunna su duka a sake aunawa, a rubuta lambobin biyu a manna a bangon ɗakin.

Allah Ya taimaki Mai Girma Gwamna, Ya ba mu zaman lafiya.

Naka mai biyayya,
Wani mai gyaran rediyon sadarwa daga Arewa maso Yamma.