Takardar Koke ga Mai Girma Hakimin Ungogo Kan Jirgin Ƙasa na Cikin Garin Kano

Daga mazauna da masu shaguna na bakin titin Katsina, tun daga Bachirawa har Miltara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, muna roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya ja zamaninka. Mun zauna da masu unguwanninmu da limamanmu, muka ga babu inda ya dace mu kai wannan kuka sai ƙofarka, don ka isar mana da shi fada da kuma gaban gwamnati.

Maganar jirgin ƙasa na cikin gari ta sake tasowa, kuma muna marhabin da ita. Duk wanda ya taɓa fitowa daga Miltara da safe zai shiga Kwari ko Sabon Gari ya san abin da ake sha a Kurna da Rijiyar Lemo. Tun da aka hana acaɓa a 2013 ɗan sahu ne gatanmu, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin zuwa da dawowa yake cinye rabin abin da ƙaramin ɗan kasuwa ya samo. A ƙidayar 2006 mutanen Ungogo sun haura 360,000. Yau gonakin da muka sani muna yara duk sun zama gidaje, titin kuwa shi ne dai guda ɗaya, mu da tirelolin Dawanau.

Sai dai, ranka ya daɗe, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2016 an sanar da kwangilar dala biliyan 1.85 da kamfanin CRCC na ƙasar Sin, layuka huɗu masu tsawon kilomita 74. Mun ji a rediyo, mun yi murna, har yau ba mu ga diga ko taku ɗaya ba. Wannan bai cuce mu ba, tunda ba a taɓa katangar kowa ba. Abin da muke tsoro shi ne a rusa, sannan aikin ya tsaya.

Mun taɓa gani. Shekarun baya da aka zo faɗaɗa wata hanya a yankinmu, wasu ma'aikata suka bi gida gida suna shafa jan fenti. Daga ranar gidan da aka shafa ya zama gawa: ba mai saya, ba mai kama haya, mai shi ba ya iya ko gyaran yoyo don bai san ranar da katafila za ta zo ba. Da aka zo biyan diyya aka ce kowa ya kawo takardar mallaka ta gwamnati. To ina muka gan ta? Yawancin gidajen nan awon igiya ne. Iyayenmu sun sayi fili a hannun mai gona, aka rubuta takardar ciniki, mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya buga hatimi. Da wannan takarda aka raba gado, da ita alƙalai suka yi shari'a, amma a teburin diyya aka mayar da ita kamar takardar ƙunshe ƙosai. Akwai gwauruwa a cikin masu sa hannu a wannan koke da aka yanke mata shaguna biyu, waɗanda da hayarsu take ciyar da marayu, har yau zuwa take ana ce mata ta dawo.

Shi ya sa babban roƙonmu yake wuyanka, Allah ya taimake ka, domin shaidar da muke da ita daga gidanka ta fito. Muna roƙo a amince da takardar da dagaci da mai unguwa suka shaida a matsayin hujjar mallaka. A sa wakilinka cikin masu ƙiyasta kuɗin gini. Kada a shafa fenti a bangon kowa sai kuɗin aikin yana hannu, kada kuma katafila ta taɓa gini sai diyya ta shiga aljihun mai shi. A tuna da ɗan haya ma, wanda ba shi da bulo ko ɗaya a shagon amma shekara ashirin a nan masu cinikinsa suka san shi.

Sai maganar inda za a kafa tashoshi. Jirgin cikin gari na Abuja an buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, sai a watan Mayun 2024 ya dawo aiki, kuma ƙorafin da aka daɗe ana yi a kansa shi ne tashoshinsa sun yi nesa da inda jama'a suke. Mu muna so tasha ta zo inda ɗan sahu yake lodi a yanzu, domin ƙafar mutane ta riga ta nuna wurin. Kuma a sani mu ba da jakar ofis muke fita ba. Mai koko tana ɗauke da gero daga Dawanau, tela yana ɗauke da bandir daga Kwari. Jirgin da zai ce ba a shiga da buhu, na wasu ne. A ware tarago na kaya, a ware na mata.

Alhazanmu da suka hau jirgin da ke tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, wanda ya fara aiki a 2010, sun ba mu labari cewa a sama aka ɗora shi, mutane na wucewa ta ƙasa. Idan namu a ƙasa za a shimfiɗa shi a kuma katange, to an raba unguwa biyu ke nan: gida a nan, Islamiyya da makabarta a can. Dattijon da ke bin gawa ba zai hau matattakala arba'in ba, balle masu ɗauke da makara. A bar mana mashigai kusa kusa, da ƙofa da mai tsaro.

Injiniyoyi sun fi mu ilimi, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Garin nan a bazara zafi yakan haura digiri 40, a hunturu ƙura tana shiga har cikin tukunyar da aka rufe, a watan Agusta kuma ruwan awa ɗaya yana mayar da titin Katsina kogi. Tashar gilashi ba rumfa, a watan Afrilu, tanda ce. A yi inuwa mai faɗi, a sa famfo, a dasa darbejiya. A yi magudanar ruwa kafin a ɗaga ƙasar diga, don kada ruwan da aka tare ya juyo cikin ɗakunanmu. A Addis Ababa an buɗe irin wannan jirgi a 2015, bayan 'yan shekaru da yawa daga cikin jiragen suka kwanta saboda rashin kayan gyara. A tambayi ɗan kwangila tun yanzu wa zai yi gyara, da wane kuɗi, kuma yaranmu nawa za a koya wa. Wutar lantarki kuwa, ranka ya daɗe, ba sai mun faɗa ba. Kai ma a garin nan kake kwana. Jirgin ya samu layin wutarsa daban.

'Yan sahu da yawa 'ya'yanmu ne, wasunsu ma ba su gama biyan kuɗin babur ɗin ba. A ba su wurin lodi a jikin kowace tasha, su riƙa shiga da fasinja lunguna.

Muna roƙo ka kira zama a ƙofar gidanka, jami'an aikin su zo da taswira, a yi mana bayani da Hausa, kafin a kafa turke ko ɗaya. Sunayenmu da sa hannunmu da na masu unguwanninmu suna haɗe da wannan takarda.

Allah ya ja zamanin Hakimi.

Naka masu biyayya,
Mazauna da masu shaguna na bakin titin Katsina, ƙasar Ungogo.