Sanarwa ga ƴan rukuni kan shiga gonakin mutane da na'ura

Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah duk wanda zai fita da na'urar neman zinare ko ƙarfe, kar ya taka gonar kowa sai ya nemi izini tukuna. Ko da ka ga gonar saura ce ba shuka, tana da mai ita.

Ka je da rana ka yi sallama, ka nuna masa injin ya gani da idonsa, ka gaya masa inda zaka bi da zurfin ramin da zaka tona, in aro ko haya aka ba shi gonar to ainihin mai ita zaka nema, in ta gado ce a ji bakin sauran magada, kuma mai unguwa ya sani. Maganar rabo a gama ta kafin a kunna na'ura, a rubuta da shaidu. In ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce.

Sannan yardar mai gona ba lasisi bace. A Najeriya dokar ma'adinai ta 2007 ta ce ma'adinan ƙasa na gwamnatin tarayya ne, lasisi daga ofishin Mining Cadastre ake samu.

Ramin da ka tona ka cike shi wallahi, shanu na karya ƙafa a ciki. Maƙabarta kuma haram, ko kusa.